Mahaucin da Ya Ji Muryar Chuwang

Bala mahauci ne a Abattoir, babbar mahautar Jos, kuma fawa gadon gidansu ce. Kakansa ya zo Jos zamanin haƙar kuza yana sayar wa leburori nama, ubansa ya gaje shi, shi ma ya tashi da barho a hannu. Ba mutum ne mai shiga sabgar da ba tasa ba. Ko zaɓe sai matarsa Hasiya ta matsa masa yake fita. Abin da ya haɗa shi da duniyar da ke wajen mahauta shi ne wata 'yar rediyo da yake ratayewa a ƙusa saman teburinsa, da shirin safe na wani ɗan jarida mai suna Chuwang.

Chuwang ɗan asalin tsaunukan nan ne, ya tashi a cikin gari, Hausa ta zauna a bakinsa daram. Muryarsa a dishe take kaɗan, yana magana a nutse, kuma in zai faɗi abu mai nauyi sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, jama'a, mu bi a hankali." Shekarar da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, muryar nan ce ta riƙa gaya wa mutane wane labari ne ƙarya, wace hanya ce a buɗe, Musulmi da Kirista duk sun kasa kunne. Tun daga lokacin Bala bai ƙara canza tasha ba.

Da damina ta faɗi, Chuwang ya ɗauko maganar kayan agaji. An kai hari wasu ƙauyuka an ƙone gidaje, hukuma ta yi shelar ta aika da kwanon rufi da barguna da abinci. Mutanen ƙauyukan suka riƙa bugo waya cikin shirin suna cewa ko ƙusa ba su gani ba, a makaranta suke kwana ruwa na dukansu. Chuwang ya je da ƙafarsa. Da ya dawo ya ce ya ga kwanon, amma a kan rufin wani sabon otal ya gan shi. Bai faɗi sunan mai otal ɗin ba. Ya ce sai ranar Litinin, in ya gama haɗa hujjojinsa.

Ranar Litinin Bala ya kunna rediyo, sai ya ji kiɗa. Ya jira, kiɗa. Har lokacin shirin ya wuce ba wanda ya ce uffan.

Kafin azahar labari ya karaɗe mahauta. An tare Chuwang a hanyar Daɗin Kowa yana tafiya aiki. Wasu mutane ne cikin kayan gida, a farar bas marar lamba, suka fito da shi daga motarsa suka bar ta a kunne, ƙofa a buɗe. Kowane ofishin tsaro aka je sai a ce ba a san maganar ba. Wasu suka ce masu garkuwa da mutane ne, amma ba wanda ya kira iyalinsa. Bayan kwanaki wata tasha ta sa muryar matarsa, Loyis. Ta ce mijinta yana da ciwon suga, kuma maganinsa yana cikin motar da aka bari. Ta ce duk wanda ke riƙe da shi, in laifi ya yi a kai shi kotu, in ba za a kai shi ba a bar ta ta kai masa magani. Daga nan muryarta ta karye, aka sa talla.

Bala ya ji tausayi, kamar yadda kowa ya ji, ya ci gaba da saran namansa.

A lokacin yana da wani ciniki da yake ji da shi. Duk Talata da Juma'a yakan kai nama wani gida a wata unguwa mai shiru da dogayen bishiyoyi. Gidan ba shi da allo, ba shi da lamba. Katangarsa doguwa ce, an kewaye samanta da waya mai ƙaya, ƙofar kuma baƙa. Wanda ya samo masa cinikin shi ne kukun gidan, wani mutumin gabas mai suna Livinus, wanda ya daɗe yana sayen nama a teburinsa. Livinus ya ce masa ofishin gwamnati ne, ma'aikata ake dafa wa. Bala bai tambayi wane ofishi ba. A ƙofa ake karɓar wayarsa, a duba buhun, a bar shi ya bi ta gefe zuwa bayan kicin, inda akwai wani kututture da yake sara ƙashi a kai. Daura da kicin ɗin akwai wani dogon gini mai ƙananan tagogi can sama, an gitta musu ƙarafa. Bala ya ɗauka sito ne.

Wata Juma'a da hantsi, makonni bayan ɓatan Chuwang, yana tsugune yana saran ƙashin awaza, sai ya ji an yi gyaran murya daga ɗaya daga cikin tagogin nan.

"Ofisa, don Allah. Ofisa! Ƙafata ta fara kumbura. Ba ruwa nake nema ba, magani nake nema. Ku bi ni a hankali, jama'a, ni ba yaro ba ne."

Gatarin ya tsaya a sama. Bala ya ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Shekara da shekaru yana jin muryar nan kowace safiya, ko cikin barci aka tashe shi da ita zai gane ta. Ya juya ya dubi Livinus. Livinus yana tsaye da tasa a hannu, shi ma shi yake kallo, fuskarsa ta yi toka.

"Malam Bala, sara naman ka," in ji Livinus ƙasa ƙasa.

"Oga Livinus, wannan ba..."

"Ba ka ji komai ba. Ni ma ban ji komai ba. Abeg, ina da yara. Sara naman ka ka tafi."

Aka buga wata ƙofar ƙarfe daga ciki, wani ya daka tsawa, muryar ta ɗauke. Bala ya sauke gatarin, ya kuskure ƙashin, ya sake kuskurewa. Shi da yake raba haƙarƙari ido a rufe, ranar nan saura kaɗan ya cire babban yatsansa. A bakin ƙofa mai gadin ya miƙo masa wayarsa ya ɗan riƙe ta, yana kallon gumin da ke goshinsa alhali gari da sanyi.

"Lafiya dai, mai nama?"

"Zazzaɓi ne, oga."

A masallacin Juma'a bai san abin da liman ya faɗa ba. Da ya koma gida Hasiya ta ajiye masa tuwo, ya tsakura ya ture. 'Yarsu Kausar ta zo tana nuna masa zanen da ta yi a makaranta, ya kalla bai gani ba. Hasiya ta kora ta waje wasa, ta janyo ƙofa.

"Baban Kausar, me ya faru? Tun da ka shigo kamar an zare maka laka."

Ya gaya mata. Ta zauna a bakin gado ta dafe ƙirji.

"Ka tabbata shi ne?"

"Kamar yadda na tabbata ke ce a gabana."

"To, ka ji, ka kuma bar shi a cikinka. Mutanen da suka ɗauke ɗan jarida da rana tsaka, wanda duk Jos ta sani, suka ce ba su gan shi ba, kai wane ne? In suka ɗauke ka wa zai yi magana a rediyo? Ni ce zan je?"

Ya ce gaskiyarta. Ya kuma yi niyyar bin maganarta. Ranar Talata ya koma gidan da nama, ya sara da sauri da ƙarfi don kada kunnensa ya ji komai. Duk da haka ya ji. Wannan karon muryar ta yi rauni, tana kiran ofisa tana tari.

Hasiyar da ta hana shi ita ce ta fara karaya. Ta je kasuwar Farin Gada cefane, wata mai tumatir ta nuna mata wata mata a rumfar kabeji ta ce matar ɗan jaridan nan ce. Hasiya ta dawo ta ajiye kaya.

"Na gan ta," ta ce daga baya. "Ta rame kamar a hure ta. An ce har ɗakin ajiye gawa take zuwa tana buɗe fuskoki." Ta share ido da bakin mayafi. "Ban ce ka je ba. Amma in za ka je, kada ka kira ta a waya, kada ka je gidanta. Cikin kasuwa, kamar mai saye."

Bala ya je kasuwar da safe, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya, 'yan dako na ihu a ba su hanya, ƙasa ta caɓe da ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye. Ya zagaya rumfar ya wuce, ya sake zagayowa. Duk mutumin da ya gani tsaye ba ya ciniki sai gabansa ya faɗi. Daga ƙarshe ya tsuguna gaban tarin kabeji ya ɗauki ɗaya yana jujjuyawa.

"Madam, kada ki dube ni. Ki ci gaba da abin da kike yi."

Hannun Loyis ya tsaya a kan buhun karas.

"Maigidanki yana da rai. Na ji muryarsa da kunnena, ranar Juma'a da ranar Talata."

Ta yi wani ƙaramin sauti kamar an shaƙe ta. Ta dafa buhun ta zauna a kai. Ya kwatanta mata unguwar da gidan da baƙar ƙofa da ginin da ke bayan kicin. Ya ce ƙafarsa ta kumbura, yana neman magani.

"Wane ne kai, Malam? Don Allah sunanka."

"Ba ni da suna. Ina da mata da 'ya."

"Lauyarmu za ta ce sai an samu wanda zai yi rantsuwa a kotu ya ce ya ji shi. In ba haka ba za su sake musantawa."

"Ba zan iya ba, Madam. Wallahi ba zan iya ba. Abin da na iya ke nan."

Ta kalle shi a karon farko, idanunta jajir. Ta ga tabon wuƙa a yatsunsa, ta ga ɗigon jini a bakin wandonsa, ya san ta gane sana'arsa. Ta ce, "Yesu ya sani, daga bakina ba wanda zai ji ka." Ta cusa masa kabejin a leda, ya tashi ya nutse cikin mutane bai waiwaya ba.

Cikin mako aka ji a labarai cewa wata lauya mai suna Anene ta shigar da ƙara, ta kwatanta gidan da ake tsare da Chuwang, ta nemi kotu ta sa a fito da shi. Mahauta ta ɗauki zance. Bala yana ji abokan sana'a na muhawara kan wanda ya tona, wani ya ce ai sai ɗan ciki, wani ya ce ko mai kai musu kaya. Ya sunkuyar da kai yana kankare tebur.

Ya yi shawara da Hasiya kan ko ya daina kai naman. Suka ga in ya daina a daidai wannan lokaci ya nuna kansa. Don haka ranar Talata ya ɗaura buhu a keke napep ya tafi, yana karanta duk addu'ar da ya sani.

A ƙofa aka karɓi wayarsa kamar kullum. A bayan kicin bai ga Livinus ba. Wata mata ce da bai sani ba take wanke tukunya.

"Ina Oga Livinus?"

Ba ta ɗago ba. Wani mutum cikin shuɗiyar riga mai gajeren hannu ya fito daga gefe ya ce, "Ajiye gatarin. Oga na son ganinka."

Ofishin yana da sanyin na'ura da labule mai kauri. Ogan ba shi da girman jiki, yana da furfura kaɗan da tabarau, in a hanya ka gamu da shi sai ka ce shugaban makaranta ne. Hausarsa tas. Ya nuna wa Bala kujera, ya tambaye shi kasuwa, ya tambaye shi tsadar shanu.

"Malam Bala, mutum nawa ne daga waje suke shiga bayan gidan nan?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ni na sani. Mai kawo gas, ba ya wuce ƙofa. Mai kwasar shara, kurma ne. Sai kai." Ya cire tabarau yana gogewa. "Kana sauraron rediyo?"

"Wani lokaci, ranka ya daɗe."

"An ce a saman teburinka take kwana. Yaya Kausar? Har yanzu ita kaɗai take takawa zuwa makaranta, ko uwarta na raka ta?"

Bala ya sunkuyar da kai. Ya so ya faɗi komai a wuce wurin, maganar ta zo har maƙogwaronsa. Sai ya tuna in ya amsa, ba wanda zai ce ya tashi ya tafi gida, kuma za su tambaye shi wa ya nuna masa rumfar Loyis, maganar ta kai ga Hasiya.

"Ni nama nake kawowa, ranka ya daɗe. In ina sara ko kirana aka yi ba na ji."

"To, shi ke nan. Zauna tare da mu ka tuna."

Suka karɓe hularsa da takalmansa da mazagin wandonsa, suka kai shi ginin da ya ɗauka sito ne. Ɗakin ƙarami ne, da bokiti a kusurwa, da tabarmar roba da ta yage. Hasken da ke shigowa ta tagar sama bai kai ƙasa ba. Akwai mutum ɗaya a ciki, zaune ya jingina da bango, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya ce sunansa Ashraf, malamin firamare ne. Rufin ajinsa ne ya rufta ya ji wa ɗalibai rauni, ya ɗauki hoto ya sa a Fesbuk ya rubuta cewa an ce an gyara makarantar bara. Da Bala ya tambaye shi tun yaushe yake nan, ya ce ya shigo ana cin mangwaro.

"An kai ka kotu?"

Ashraf ya yi dariya marar sauti. "Ko takarda ba a nuna mini ba. In ka tambaya sai a ce ana bincike."

Shi ne ya ba shi labarin Chuwang ba tare da an tambaye shi ba. A ɗakin nan suka zauna tare. Ƙafarsa ta kumbura har ta fara ruwa, wani lokaci har yakan suma. Ranar da maganar kotu ta fito aka kawo likita da gudu, aka yi masa allura, aka wanke ƙafar, washegari aka rufe masa fuska aka fita da shi. Ba wanda ya san inda aka kai shi.

"Mutumin nan yana da dabara," in ji Ashraf. "Duk ranar da ya ji saran gatari a bayan kicin sai ya ja jiki ya miƙe ya ɗaga murya. Ya ce mai nama daga gari yake zuwa, kuma gari yake komawa. An doke shi a kan haka, bai daina ba." Ya dubi hannuwan Bala. "Kai ne mai naman?"

Bala ya dube shi. Idanun mutumin sun zurma, ƙasusuwan wuyansa a waje. Amma wa ya san ko an ajiye shi ne don ya ji ta bakinsa? Wa ya san abin da aka yi masa alkawari?

"Ni ban ji komai ba," in ji Bala.

Ashraf ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Kwanakin suka cakuɗe masa. Wani lokaci a fito da shi a maimaita masa tambayoyin nan, wani lokaci a tsayar da shi fuska ga bango har ƙafafunsa su sage. Sau ɗaya mai shuɗiyar riga ya kwaɗa masa mari da ya sa kunnensa na hagu ya riƙa ƙugi. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne jiran sa, da jin takun takalmi a baranda ba ka san ƙofar wa za a buɗe ba. Sun bincike wayarsa ba su sami komai ba. Da ya tambayi Livinus, aka ce masa ba a taɓa yin mai wannan suna a gidan ba.

Wata safiya ya ji saran gatari a bayan kicin. An sami wani mai naman. Ya miƙe tsaye ƙarƙashin tagar, ya buɗe baki zai ɗaga murya. Ya tuna tambayar da ogan ya yi a kan hanyar makarantar Kausar. Ya rufe bakinsa ya koma ya zauna.

A waje kuwa Hasiya ba ta zauna ba. Tun ranar da aka tsare shi, da maraice ya yi bai dawo ba, ta yafa mayafi ta tafi gidan Sarkin Fawa, shugaban mahauta, ta zube ta gaya masa inda mijinta ya kai nama. Mai keke napep ɗin da ya sauke shi ya ba da shaida. Sarkin Fawa dattijo ne da ya san manya, don babu gidan babban mutum a garin da namansa bai shiga ba. Ya yi ta zirga-zirga yana kama ƙafa. Da abin ya ƙi, mahauta suka wayi gari ba su yi yanka ba, gari ya kwana ba nama.

Wannan ne ya sa aka yarda a saki Bala. Ranar da zai fita, Ashraf ya riƙo bakin rigarsa.

"Ban san ko kai wane ne ba, kai ma ba ka san ni ba. Amma matata tana Anguwar Rogo, gidan da ke bayan injin markaɗe. A ce mata ina raye. Shi ke nan."

Ogan bai ko ɗago kai daga abin da yake karantawa ba. Ya ce, "Malam Bala, ba ka taɓa zuwa gidan nan ba. In ka manta da haka, mu ba ma mantuwa." Suka sauke shi a bakin titi da la'asar, ba hula, yana riƙe da wando da hannu ɗaya.

Ya koma teburinsa bayan ya yi jinya. Mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa na son jin labari, ya ce kuskure aka yi, wani ake nema. Saƙon Ashraf ya tsaya masa a rai. Ya kasa zuwa Anguwar Rogo, don yana ganin kamar tarko ne, kamar akwai mai zaune a bakin injin markaɗen yana jiran ya ga wa zai zo. Hasiya ce ta samo hanya. Ta gaya wa wata ƙawarta ta Islamiyya, ita kuma ta gaya wa wata mai kitso, magana ta bi bakin mata har ta isa ba a san mafarinta ba. Livinus kuwa, Bala ya je unguwar da yake haya ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce matarsa ta kwashe yara ta koma garinsu, shi ba su gan shi ba.

Kotu ta ba da umarni a kawo Chuwang, ba a kawo shi ba. Ta sake bayarwa, lauyan hukuma ya ce takarda ba ta iso ba. Damina ta wuce, aka girbe dankali, sanyi ya shigo. Gab da Kirsimeti aka ji an sake shi, ba tuhuma, ba bayani. Gidan rediyon bai mayar da shirinsa ba. Otal ɗin kuwa an buɗe shi da biki.

Wata Asabar da hantsi, kasuwa ta cika da masu sayen naman biki, Bala ya ɗago kai ya hango Loyis tana nufo layinsu. Tana riƙe da hannun wani dogon mutum da rigarsa ta yi masa yawa, yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya cikin silifas an naɗe ta da bandeji. Suna tafe suna duba fuskokin mahauta ɗaya bayan ɗaya. Bala ya dubi bakin titi. Akwai wata mota mai baƙin gilashi a tsaye, bai san ko tun yaushe take wurin ba, bai san ko ta wane ne ba.

Loyis ta gan shi. Fuskarta ta buɗe, ta taɓa hannun mijinta. Mutumin ya matso ya miƙo hannu biyu, idanunsa sun ciko.

"Tsoka za a ba ku ko haɗi da ƙashi?" in ji Bala da ƙarfi, yana kallon naman. "Akwai hanta mai kyau, yankan yau."

Hannuwan suka tsaya a iska. Chuwang ya dubi Bala, ya bi inda idonsa ya saci kallo, ya ga motar. Ya janye hannunsa a hankali ya mayar kan sandarsa.

"Tsoka," ya ce. "Marar kitse. Likita ya hana ni kitse."

Bala ya yanka, ya zaɓi wuri mai laushi ya ƙara, yana naɗewa a takarda. Da ya sunkuya zai sa a leda, ya yi magana leɓunansa ba sa motsi sosai.

"Malamin makarantar fa?"

"Har yanzu. Lauya Anene na bin maganar. Sun ce ba su san shi ba."

"Kukun?"

Chuwang ya girgiza kai.

Loyis ta karɓi ledar, yatsunta suka danne nasa na ɗan lokaci. Suka juya suka bi cikin mutane a hankali, tana kare masa ƙafar kada a taka. Bala bai bi su da kallo ba. Motar mai baƙin gilashi ta buɗe, wata mata mai jiki ta fito da kwando tana faɗa da direbanta a kan ya ajiye ta nesa. Ya ja numfashi, ya goge hannu a gaban rigarsa.

Wani mutum ya tsaya a gaban teburin, cikin riga mai gajeren hannu irin ta mutumin gidan mai baƙar ƙofa, yana kallon naman.

"Oga, me za a kawo?" in ji Bala.